Kada Ki Ɗinka Farar Rigar Tukuna

Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Baba? Yaya Auta da karatu? Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu.

Sai dai akwai maganar da na yi wata huɗu ina ɓoye miki. Mama, ba na seminari yanzu. Ba korata aka yi ba. Ni na je wurin Fada mai kula da mu, na ce ban sani ba ko Allah ne ya kira ni, ko daɗin da na ji ne ranar da duk coci ta miƙe tana mini addu'a. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, je ka yi shekara a waje. In kiran gaskiya ne, ya san inda zai same ka."

Yanzu ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ina canza zanen gado, ina ba su abinci a baki. Akwai wani dattijo da ba ya ci sai na yi masa addu'a. Jiya ya kira ni Fada, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san matan zumunta suna ce miki Maman Fada. Ki gafarta mini. Ban ce na fasa ba, amma kada ki ɗinka farar rigar tukuna. Baba kuwa, ki bari ya ji daga bakina.

Ɗanki