Toshin da na kai Misfala

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Yau na ga teku. Shekara ashirin da shida a duniya, ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Mairuwa ba. Mukhtaru, ɗan'uwana na nan Makka, ya zo ya ɗauke ni daga masaukinmu na ɗalibai a unguwar Aziziyya, muka biya unguwarsu Misfala muka kwashi mutanen gida, sai bakin tekun Shu'aiba. Na tsaya a bakin ruwan ina ta kallo. Mukhtaru ya ce, "Yalla ya ustaz, shiga mana, ba ya cizo." Na naɗe wando na shiga, na ɗanɗana, gishiri kamar an yi ɓarin buhu.

Hajiya Baraka, ƙanwar kakana, tana kan tabarma tana ta yi mini tsiyar kaka da jika: wai mijinta ɗan ƙauye ne, a mayar da shi Funtua. Ita da a goye aka zo da ita ƙasar nan, amma bakinta na Katsina bai goge ba. Jikokinta ne dai, su Mukhtaru, Hausar ta yi musu ƙaranci.

Lujain, ƙanwar Mukhtaru, ita ta miƙo mini kifin da aka gasa. Ta ce, "Ci da yawa, Yaya Yusha'u, kai siriri." Abin da ta faɗa ke nan duka. Na ci har da ƙaya.

Litinin, 21 ga Oktoba

An yi darasin Balaga. Ban ji komai ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na yi abin da ake yi. Turmin atamfa da Inna ta sa mini a jaka tun zuwana, da kilishi, na ɗaure a leda na ba Mukhtaru na ce a ba Lujain, ita kaɗai. A garinmu ko ɗan yaye ya san wannan toshi ne. In yarinya ba ta so, kafin magariba an dawo maka da kayanka.

Na zauna a falon Baffa Salihu, mahaifinsu, ina shan shayi ina kallon ƙofa har la'asar. Ba a dawo da komai ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Jidda. Mun je kasuwar kifi da sassafe, wari kamar ya kayar da mutum, Mukhtaru yana ta ciniki da wani ɗan Yaman a kan wani kifi wai shi najil. Aka soya mana, muka tafi bakin ruwa muka shimfiɗa. Iska mai daɗi, yara suna ta tseren keke. Wannan karon turare na kai, toshi na biyu ke nan.

Da za mu tashi, Mukhtaru ya jefo mini wani ƙunshi: "Daga Lujain." Alƙalami ne mai kyau da kwalin dabino. Wallahi a mota na riƙe ƙunshin nan da hannu biyu har Makka. Ta karɓa, kuma ta rama. Me ya rage?

Lahadi, 15 ga Disamba

Na gaya wa Inna. Ta yi guɗa a waya har abokin ɗakina ya tambaya ko haihuwa aka yi. Ta ce Allah ne ya tashi ɗinke zumuncin da ya yi shekara saba'in a yage. Na ce ta dai yi shiru tukuna. Ta ce to. Na san "to" ɗin Inna.

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025

Inna ta turo hoton akwati biyu. Ta fara haɗa lefe. Ta ce yaushe Baffa Salihu zai kira babana? Na ce sai na gama jarrabawa. Gaskiyar ita ce kullum na zauna gabansa sai harshena ya yi nauyi. Ta ina yaro zai dubi idon babba ya ce 'yarka nake so? Ai sun gani. Gida guda suke, sun ga atamfa, sun ji ƙanshin turare. Su ne manya, su za su fara.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara rubuta wannan ba.

Yawon sallah muka je Ɗa'if. Hanyar dutsen nan mai lanƙwasa, birai a gefen titi suna ƙwace wa mutane ayaba, sanyi kamar ba Saudiyya ba. Aka sauka a wata gonar wardi, ma'aikata suna tsinkar furen suna zubawa a buhu, a can ciki ana dafa shi a manyan tukwanen tagulla ana tatsar turare. Na sayi ƙaramar kwalba. Toshi na uku. Na ce yau da hannuna zan ba ta.

Sai ga wata mota ta tsaya bayan tamu. Wani saurayi ya fito da mahaifiyarsa, doguwar farar riga ko lanƙwasa babu. Baffa Salihu ya rungume shi. Mukhtaru ya jawo ni: "Zo ka gaisa da Bandar. Shi ne zai auri Lujain, ƙarshen wata za a yi milka." Milka ita ce ɗaurin aurensu na nan.

Na ce mabruk. Ni da bakina. Har na ƙara da Allah ya sanya alheri. Bandar ya ce ya ji labarina sosai, wai ni ne ɗan'uwan nan mai yawan kyauta. Hausarsa ba ta kai ta aku ba.

Lujain tana can tsakanin shukoki, mahaifiyarsa tana zuba mata fure a tafin hannu, tana dariya. Atamfata ce a jikinta ƙarƙashin abaya, an yi mata doguwar riga. Ta yi mata kyau. Wannan ya fi komai ciwo.

Kwalbar tana aljihuna har yanzu, duk ɗakin ya ɗauki ƙanshi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ban je aji ba. Inna ta kira sau huɗu.

Talata, 8 ga Afrilu

Cin amana ne. Mukhtaru da hannunsa ya kai kayan. In ba sa so me ya hana su dawo da shi? Sun mayar da ni ɗan aike mai kawo tsaraba. Hausawan da suka manta Hausa, sai cin tuwo ranar Juma'a.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na je wurin Hajiya Baraka da hantsi, lokacin da na san kowa ya fita. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Maigidana, wa ya mutu?" Yau ban iya rama wasan ba. Na faɗa mata komai, atamfa, turare, akwatunan Inna.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Toshi? La ilaha illallahu. Rabona da jin kalmar nan tun uwata tana da rai."

Ashe ba ta ma san da wata manufa aka kawo kayan ba. Lujain ta kawo kilishin falo kowa ya ci, aka ce ɗan'uwa ya kawo hadiyya, wato kyauta, a rama masa. Ita Hajiyar ce ma ta ce a haɗa da dabino.

Abin da na riƙe daga maganarta: "A nan ba a karanta leda, ɗan nan. Namiji ya sa rigarsa ya zo ya zauna, a zuba masa gahawa, ya faɗa da baki. Bandar ɗin nan a watan Rajab ya zo. Kai tun Oktoba kake cin kifinmu."

Na ce da na faɗa, da an ba ni? Ta ce, "Wallahi ban sani ba. Salihu yana sonka. Yarinyar kuma ba wanda ya tambaye ta a kanka, balle a ji." Na so ta ce a'a. Da ta ce a'a da na samu barci.

Da zan fita ta riƙe hannuna ta ce kar in ƙaurace wa gidan. Idonta ya kawo ruwa. Nawa ma.

Juma'a, 25 ga Afrilu

An ɗaura. A wani gidan hutu da suka kama a hanyar Shu'aiba, ana jiyo ƙarar ruwa daga tsakar gidan. Ni na riƙe butar gahawa ina zagaya maza, don in samu abin yi da hannuna. Baffa Salihu yana nuna ni ga baƙi: "Ɗanmu ne daga Nijeriya, malami ne." Bandar ya sumbaci goshina. Ba shi da laifi, na duba na duba ban samo ba.

Kafin magariba na sulale na je bakin ruwa na yi kukana, na wanke fuska da ruwan gishiri, na koma aka ci shinkafa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Inna ta turo hoton akwati na uku. Ta ce gwaggonnina duk sun ji, suna ta murna. Na riga malam masallaci, ga shi na ja tsohuwa mun shiga tare.

Asabar, 3 ga Mayu

Na kira Inna bayan azahar. Na shirya dogon zance tun jiya, yadda mutanen nan suka canza, yadda ba su san mutunci irin namu ba. Da ta ɗauka sai na ji na ce, "Inna, an ɗaura wa Lujain aure da wani."

Ina jin awakinta suna kuka a bayan gida.

Ta ce, "Hana ka suka yi?"

Na ce a'a.

"Ita ce ta ƙi ka?"

Na ce a'a.

"To me ya faru, Yusha'u?"

Na ce, "Ban tambaya ba, Inna."

Ta ja numfashi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce za ta rufe akwatunan da zani saboda ƙura, gwaggonnina kuma in bar mata su, ita ta san abin da za ta ce musu. Sannan ta tambaya ko na ci abinci.

Ban ci ba. Mukhtaru ya turo saƙo wai Juma'a za su kamun kifi, in zo. Ban ba shi amsa ba tukuna, amma na wanke wandon da nake shiga ruwa da shi.