Kwalekwalen da Ake Kira Gawwasa

Balad, Jidda, Shawwal 1375

Ƙanwata Zaituna,

Bayan sallama da gaisuwa gare ki da Inna da mutanen Makka, ina sanar da duniya cewa na raɗa wa kwalekwalen mijinki suna. Hamad ya so ya sa masa A'i, sunan mahaifiyarsa. Na nuna masa ba haka manyan ƙasashe ke yi ba. Na karanta a mujallun da matuƙa ke bari a ofishinmu na tashar jiragen ruwa: Amurkawa sunan kifi suke ba jiragensu na ƙarƙashin teku, Turawan Ingila su ba kowane rukuni harafi ɗaya, Jamusawa kuwa lamba kawai, kamar fursuna. Na zaɓi Giwan Ruwa. Idan ya sayi na biyu, sai Tarwaɗa, rukuni ya tashi. Bai ce komai ba, alamar ya gamsu.

Yayanki,
Abdulghaffar

Makka, Zulƙida

Yaya,

Muna gaishe ka. Hamad bai gamsu ba, kunyar suruki yake ji, shi ya sa ni yake kawo wa kuka. Ka rasa inda za ka ɗauko suna sai wurin jiragen da aikinsu nutsewa? Kuma sai da ka zauna a gidan gahawa ka yi wa masu kwalekwale bayani. Yanzu kaf bakin teku Gawwasa suke kiransa, wato mai nutso. Wakilan alhazai sun daina ba shi mutane. Wata tsohuwa har ta sa ƙafa, ta ji sunan, ta fita. Jiragen Hajji na ta isowa, kwalekwale na kwaso alhazai zuwa gaɓa, shi yana zaune. In lokacin nan ya wuce shi, sai ya sayar da kwalekwalen.

Zaituna

Balad

Zaituna,

Gaisuwa. Jahilci ne kawai. Jirgin ƙarƙashin teku da gangan yake nutsewa, kuma yana tasowa. Na koma gidan gahawa na ƙara musu bayani, har da zane a bayan kwalin taba. Suka saurara sosai. Da na gama, Na'ibi mai ɗinkin taru ya tambaye ni ko alhazan ma da gangan za su taso. Na ce halas, wato magana ta ƙare, na tafi. Ki ce wa Hamad ya yi haƙuri, ilimi a hankali yake shiga.

Abdulghaffar

Makka

Yaya,

Inna ta ce tunda kai ka san yana tasowa, ka shiga kwalekwalen ka zauna a gaba da farar jallabiyarka kowa ya gani. Ta ce ba shawara ba ce. Ka huta lafiya.

Zaituna

Balad

Zaituna,

Na shiga. Ban iya iyo ba, kuma abincin safe ba ya zama a cikina, amma alhazai sun fara biyo ni, wai in mai tabarau irina ya yarda to lafiya. Mun goge Giwan Ruwa, mun rubuta A'i. Har yanzu Gawwasa suke cewa, sai dai yanzu da ni suke.

Ki gaya wa Hamad na yi kuskure. Ni ma kunyarsa nake ji.

Abdulghaffar