Zuwa ga Adda Rabi, kan nonon da bai ishi biyu ba

Assalamu alaikum Adda Rabi. Ni ta, Luba, ƙanwarki, daga Danwarai.

Na san ba ki jin wagga magana. Ko kina raye ma ba takarda za ni aiko maki ba, ni ban iya rubutu ba, ke ba ki iya karatu ba. Wayar Sani mijina ta a hannuna, ya manta ta gida ya tahi lambun albasa. Na danna wurin ɗaukar murya kamar yadda munka saba. In na gama in goge kahin shi dawo. Amma sai na hwaɗi, don cikina ya cika.

Wata biyar ke nan da anka kai ki. Ma'u ɗiyarki tana nan lahiya, wata bakwai gare ta yanzu. Ta yi ɓul-ɓul, tana zama da kanta, har ta hwara jan ciki. Kowa yag gan ta sai shi ce Luba ta riƙe amana. To bari ki ji yadda anka riƙe amanar.

Ranar sadakar ukunki anka miƙo mani ita. Ba wanda yat tambaye ni. Mata sunka dubi juna, sunka ce ai ga Luba da ruwan nono, yaronta wata huɗu, sai ta haɗa su. Kamar nono rijiya ta. Ni kuwa ina kuka, na karɓe ta, don warin jikinki na ga zanen da anka naɗe ta. Mi za ni cewa? Inna ba ta raye, ba mu da wata 'yar'uwa mace. In ce a'a, gawarki ba ta ko huce ba?

Ke kinka riƙa hwaɗa mani sanda nike da ciki wai ɗa ba shi da tsada, nono kyauta na, Allah ka ciyar da su. Adda, ƙarya kinka yi mani, ko kuwa ke ma ba ki sani ba. Nono abinci na. In ban ci ba babu shi. Tuwon dare da kokon sahe ba su yin nonon mutum biyu. Wata guda kawai munka yi, sai nij ji ƙirjina kamar tsohuwar jaka, su ja su ja su saki su yi ta ihu.

Sani ya yi ƙoƙari, ba ni cin hakkinai. Ya tahi Jega ya sawo madarar gwangwani. Kin san kwana nawa ta kai? Huɗu. Kwana huɗu, Adda, ga kuɗin da zai yi muna cehwanen mako. Na saida akuyar da Inna tab bar mani. Na saida kwanonin jerena, har babbar tukunyar da kinka ɗauko mani bisa kai ranar kamuna. Duk sun shige gwangwani, gwangwani ya ƙare, yanzu gishiri nika zubawa ciki. Shi ko Garba mijinki, sau ɗaya yaz zo da tiyar gero da sabulu, yad ɗauki Ma'u yay yi hawaye, yat tahi Kudu ci-rani. Har yau ko gaisuwa. Hawaye ba su da tsada, su kam kyauta na.

Ga abin da ban hwaɗa ma kowa ba. Idon mutane na kaina. Matan gidanmu, matan maƙwabta, duk mai shigowa Ma'u taka hwara dubawa, ta taɓa cinyarta, ta ga ko na bar marainiya da yunwa. To sai niƙ ƙudura ba mai samun bakin magana kaina. Ita nika hwara ba nono, ta sha ta ƙoshi ta saki don kanta. In ta gama in ba yaron ga abin da yar rage. Kuma kin san ɗan hwari na. Gaban uwar Sani ba ni iya ɗaukatai in yana kuka, ba ni iya kiran sunanai, ba ni iya cewa ku dubi ɗana ya rame. Sai a ce ba ni da kunya. Ma'u kuwa in goye ta, in yi mata rawa, in yi mata kirari gaban kowa, a ce madalla. Shi shina kwance bisa tabarma shina tsotsar hannu. Da hwarko shina kuka. Daga baya yab bari. Ni da wautata nic ce ya yi hankali, yaro na mai haƙuri.

Mako uku da sunka wuce maƙwabciyata Hajo tac ce in bi ta Aliero awon yara. Munka tahi, na goya Ma'u, ita ta riƙe mani shi. Malamar asibiti ta naɗa musu wani ɗan awo ga damtse, mai kore da ɗorawa da ja. Na Ma'u yat tsaya ga kore. Nashi yaw wuce har cikin ja. Hajo tab ba ta labari cewa ɗaya maraya na. Malamar ko ba ta tsaya jin wanne ba, ta hau ni da hwaɗa gaban mata, wai ban ji tsoron Allah ba, na cika tawa da nono na bar ɗan mutane ya bushe. Hajo ta tac ce mata ai busasshen shi na nata. Malamar tad dube ni, tad dubi yaron, tak koma ga aikinta. Adda, da ta ci gaba da zagina ya hi mani sauƙi.

Ranar nid dube shi da kyau, cikin rana, ba riga. Haƙarƙarinai duk a waje. Gashin kai ya yi ja ya kwanta. Hwatar ɗuwawunai ta yi yaushi kamar ta tsoho. Ni nih haihe shi, ni ka yi mai wanka kullum, ya anka yi ban gani ba? Ko na gani nik kau da kai?

Sun ba mu gyaɗar nan ta leda da aka ba yara masu tamowa, sunka ce tashi ta shi kaɗai, magani ta, kada a ba kowa. Kwana uku da hwara ci, ina ba shi bayan rumbu inda ba mai ganina, sai yam miƙo hannu yak kama leɓena, yay yi dariya. Dariya da murya, Adda. Ban taɓa jin muryar dariyatai ba. Na zauna ƙasa na rungume shi na yi kuka kamar ranar da kinka rasu. Ko Jega duka anka ba ni da kasuwarta ba ni musanya wagga dariya. To amma Ma'u ta gane ledar. Da ta ji motsinta sai ta rarraho tana buɗe baki, tana jan zanena, da idanun nan naki. Ke za ki iya hana ta? Nib ba ta lakata ɗaya. Washegari biyu. Da munka koma awo nauyinai bai ƙaru yadda sunka so ba. Malamar ta ce in anka ci gaba haka kwanciya za mu yi asibiti, kuma yaro mai irin wagga rama, gudawa ɗaya ka ɗauke shi.

Hajo ta hwaɗa ma Sani abin da malamar tac ce. Bai yi mani tsawa ba. Ya zauna bakin ƙohwa ya daɗe, sannan yac ce ya aika Gumbin Kure, uwar Garba za ta zo ran Lahadi ta ɗauki jikarta. Yac ce amma in ban yarda ba in hwaɗa mai.

Adda, bai ruhe baki ba nic ce na yarda.

Ga shi na hwaɗi. Ban roƙe shi ba, ban yi kuka ba, ban ce a ƙara mani wata ɗaya ba. Abin da nij ji cikin raina kamar an sauke mani buhun albasa daga kai. Sai da nis shiga ɗaki nig ga Ma'u tana barci da ɗan yatsa ga baki, sannan niz zauna ƙasa kusa da ita.

Na san tsohuwar nan, ke kin hi ni saninta. Ido ɗaya taka gani da shi, ba ta da akuya ba ta da saniya. Koko za ta dama mata da ruwan rijiya. Yarinyar da ba ta barci sai ta kama kunnena tana murzawa, yadda kike murza mani shi in na ɓata maki rai muna yara. Yarinyar da in na hita ɗebo ruwa na dawo sai ta ɗaga hannu biyu tana tsalle da ɗuwawu kamar na yi shekara. Ba wanda yat taɓa murnar ganina haka duniya, ko ke, ko Sani. Wa za ta ɗaga ma hannu ran Litinin?

Ina jin haushinki, Adda, Allah Shi gahwarta mani. Kin yi kwana shida kina zubar jini kina cewa ai jego na, kada a ɓata kuɗin mota zuwa asibitin Maiyama. Kin tsimi kuɗin mota, kin bar mani wanga. Ke kina kwance kin huta, ana yi maki addu'a, ana cewa Rabi mai haƙuri. Ni shekarata ba ta kai ashirin ba anka aza mani zaɓe tsakanin ɗana da ɗiyarki. Duk wanda yam mutu cikinsu ni za a duba. Ni ma ni za ni duba.

Na wanke kayanta. Na ɗaure mata sauran garin kunu da cokalinta. Ina so in saka mata leda biyu ta gyaɗar nan cikin ƙullin, na ɗauka na mayar ya hi sau biyar. Ba ni sakawa. Tashi ta.

In Allah Ya raya ta, ni za ni je da ƙahwata in hwaɗa mata abin da niy yi, kada ta ji ga bakin wani. In kuma ta riga ni zuwa wurinki, ba ki gane ta, ta canza ƙwarai. Haƙora biyu gare ta ƙasa, da ɗan tabo ga gwiwar hagu inda garwashi yat taɓa ta. Ba ta son a kwantar da ita rigingine, bisa ƙirji taka barci. Ki karɓe ta ki ba ta nono, ke naki bai ƙare ba, wata biyu kawai tas sha.

Allah Shi jiƙanki, Shi haskaka makwancinki. Ban ce ki yahe mani ba, don ni ma ban gama yahe maki ba.

Ƙanwarki Luba, wadda tas shayar da Ma'u wata biyar.