A Duba Mini Idon Dama Kafin Kaburburan Su Ɓace Mini

Zuwa ga Shugaban Asibitin Unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali. Sunana Garba, haifaffen unguwar Nima. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ya riƙe biro, amma maganar tawa ce.

Ni ne mai nuna kaburbura a maƙabartarmu. Tsofaffin kaburburan ba su da allo, ba su da suna. Da ido nake gane su: wannan bishiya, wancan dutse, inda ƙasa ta lotsa. Kaf Nima da Maamobi, mu da muka san wurin saura ni.

Na ɗaya. Shekara da shekaru ina zuwa layin masu ciwon sukari. A huda yatsa, a auna jini, a miƙo ƙwaya. Ba wanda ya taɓa ce mini ciwon nan yana cin ido a ɓoye. Sai da Alhaji Issaka na Kawukudi, abokin layina, ya makance na ji.

Na biyu. Da kuka tashi kawo masu na'urar duba ido, sai kuka kawo su tsakiyar azumi. Suka ce sai an ɗiga magani a ido. Ranka ya daɗe, na san maganin nan, ɗacinsa har maƙogwaro yake sauka. Na ƙi. Dattawan da ke bayana ma suka tashi. An ce wasu malamai sun halatta. To, wa ya tambayi limaminmu? Wa ya zo masallaci ya yi mana bayani? Ni dai ba zan ɗiga da azumi a bakina ba, ko gobe. Na roƙi a ba ni rana bayan Sallah, aka ce na'ura ta tafi, sai baɗi.

Na uku. Yanzu idon hagu ya yi duhu a tsakiya. Na dama ya fara hazo.

Roƙona: ku dawo da na'urar nan yanzu, baɗi ta yi mini nisa. Ku zauna da limamai kafin ku sa rana. Ku sanar a masallatai da Hausa, takardar Turanci a bango ba ta mana magana.

Makon jiya wani ya taso daga Kumasi neman kabarin babansa. Ni na sa baban nan a rami da hannuna. Na tsaya, na duba, kaburbura biyu suka haɗe mini. Na nuna ɗaya. Ya durƙusa ya yi addu'a, ya yi kuka, ya gode mini. Har yau ban san kan wa ya yi kukan ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka idanunka.

Wassalam.
Garba mai nuna kaburbura, Nima.