Baƙin da Suka Tsaya a Rijiyarmu

Ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Binta? Mu nan Ɗanzomo lafiya, sai dai hankalinmu ba a kwance yake ba.

Ranar Laraba wasu baƙi uku a kan babura suka tsaya a rijiya, suna tambayar Baffa hanyar iyaka da masu shanun garin. Ya ce, "Ni manomi ne, ban sani ba." Tun ranar ya kasa zama, sau biyu yana canza wa garkensa makwanci.

Kai da kake haɗa wa 'yan majalisa rahoton tsaro a Abuja, ka rubuta wannan tun shanun suna nan.

Ka taya mu da addu'a, ka gaida yara.

Yayarka,
Hadiza