Igiyar Taru a Hanyar Keke

Zuwa ga yayata Senami a Libarbil,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mijinki da jaririnku, ya kuma ƙara albarka a ɗinkinki. Nan Kotonu kawunmu Tonton lafiya, ƙafar matarsa Tanti ma ta yi sauƙi. Ta hannun Madam Afiavi mai kai kaya na aiko wannan, don ba na son yin wannan magana a wayar gidan nan. 'Yar Tanti, Mahutin, ta ce ta tura miki bidiyona kuma kin yi dariya. Ban yarda ba, amma ina kwana da maganar, shi ya sa zan ba ki labarin abin da wayar ba ta ɗauka ba.

Bayan tafiyarki an gama sabuwar hanyar nan ta bayan unguwarmu, wadda ta bi bakin teku ta cikin itatuwan kwakwa, gefe ɗaya na masu tafiya a ƙasa, ɗaya na masu keke. Ran Lahadi bayan coci kowa can yake nufa. Da tsohon kekenki na koya, ina ƙara nisa kaɗan-kaɗan, har na san inda mai aloko take suyar ayabarta da bencin da nake zama in karanta littattafaina. A nan nake ganin Binyon, mai kiɗan ganga a cocinmu, yana wucewa a shuɗin keke. Kin san ni, Yaya, ban taɓa ce masa ko sannu ba, amma a raina har na zaɓa mana launin labule. Mahutin ta karanta fuskata tsaf.

Ran Lahadin nan ta zo da ƙawayenta tana ta kirana 'yar'uwa, abin da ba ta saba ba. Ta ce Binyon yana jira a ƙarshen hanya, wai duk yarinyar da ta riga isa ita zai rako gida. Muka tashi, sai na ga ina wuce su ɗaya bayan ɗaya, suna ihu wai in taka, in taka, gimbiyar littafi. Iska na kaɗa rigata ta coci, na ce yau dai labarin nawa ne. Na ji waƙar maza a gaba, na ɗauka daɗin ranar ne. Ashe masunta ne ke jan taru, igiyarsu ta ratsa hanya daidai gwiwa. Duk ɗan bakin teku ya san in ya ji waƙar nan sauka ake yi a zagaya. Ni da na girma a Bohikon wajen Kaka, nesa da teku, ina zan sani? Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Na tashi sama na faɗo a ɗaya gefen, haƙorina na gaba ya gutsure. Babu wanda ya ɗaga ni. Matan masuntan suka yo kaina, wata mai ƙaton kwano ta ce mace ta tsallake igiya, in tarun ya fito wayam su ci me, ko takalmina za su dafa wa 'ya'yansu? Suka ce sai na kama igiyar na ja tare da su, ko abin ya warware. Haka na shiga layi da jini a baki, tafin hannuna yana salewa, wani tsoho a bayana yana cewa ko kaza ta fi ni ƙarfi. Da na ɗaga kai sai ga su Mahutin a inuwa, kowa da wayarta a sama. Binyon yana tsakiyarsu yana shan ruwan kwakwa. Ya tambayi Mahutin da ƙarfi ko wannan ce amaryar tasa, ya ce ai da an faɗa masa kifi ce da ya zo da kwando. Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi a kaina.

Tarun ya fito babu abin kirki. Duk da haka matar nan ta jefo min ƙananan kifaye a cinya, ta ce wanda ya taɓa igiya yana da rabo ko da annoba ne. Na turo keken gida, ƙafarsa a lanƙwashe. Tanti ta kalli bakina ta ce maganin mai bin maza ke nan, ta soya kifin da barkono, aka ci da akasa, tuwon masarar nan, ana sake kallon bidiyon. Tonton ma ya ci. A makaranta yanzu in na shigo aji sai a fara waƙar jan taru a hankali, ana buga tebur. Na daina buɗe baki, har malamar Faransanci ta rage min maki a karatu.

Jiya Mahutin ta kawo wayarta daidai hancina. Na ga sunanki, na ga hotonki da jariri, a ƙasa kuma fuskokin nan masu dariya har da hawaye. Ta ce ko yayata ta san ni abin nishaɗi ce. Na ce mata ƙila ba ki ga jinin ba, wayar ba ta nuna shi sosai. Yaya, ki faɗa min haka ne. In ma ba haka ba ne, ki ce min haka ne, zan yarda, ban da kowa sai ke.

Ki gaishe min da mijinki Fofo Kojo, ki sumbaci jaririnku Mawuna. Tonton da Tanti suna gaisuwa. Mahutin ma ta ce in gaishe ki, wai ta gode da amsarki.

Ƙanwarki,
Fifame