Baƙin da Ba Sa Son Gaisuwa

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan jiri da ke ɗibata in na hau bene, ba wani abu ba ne.

Ka san da jaka ɗaya na zo. Ba wanda ya riƙe mini ko tsintsiya, yau ga ni da ɗakunan da matafiya ke kamawa ta intanet. Ni ne wanki, ni ne guga, ni ne wanke banɗaki.

Sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Ina karɓar baƙi yadda Baba ya koya mana: in tarbe su, in ɗauki kaya, da safe in ƙwanƙwasa in ji yadda suka kwana. Ashe su takura suke gani! Wata ta rubuta a shafina, "Ɗaki tsaf, amma mai gidan ba ya barin mutum ya huta." Kamfanin intanet ɗin da ke haɗa ni da baƙi ya ce in aka sake ƙorafi zai rufe shafin.

Maƙwabcina ya ce, "Malam, maƙala akwatin ajiye makulli a ƙofa baƙi su riƙa ɗauka da kansu, ka je ka huta, kafin ka faɗi." Na maƙala. Jiya baƙo ya shiga ba ko sannu da zuwa, ina bayan labule ina leƙe kamar ɓarawo. Gobe zai rubuta nasa ra'ayin a shafin. Kada Baba ya ji.

Ku sa ni a addu'a. Ko an rufe ko ba a rufe ba, in ana lissafa 'ya'yan gidanmu da suka tsaya da ƙafarsu, a rubuta sunana, kuma a sama.

Ƙaninka.